Tarihin Baƙin Mai da Rubutun da Ke Jikin Galan

Ya kai mai karatu, ko kana da mota ko ba ka da ita, wannan magana ta shafe ka. Motar kasuwa ce ke ɗaukar hatsinka da wakenka da ayarka zuwa Cadawa ko Maraɗi. Babur ne ke kai marar lafiya likita da tsakar dare. Injin niƙa ne ya rage wa mata wahalar daka. Injin ban ruwa ne ke shayar da lambuna a fadamar Gulbin Maraɗi. In ɗayansu ya tsaya, gari duka sai ya ji a jikinsa.

Kowane inji mai iri biyu yake sha. Na farko shi ne wanda ke ƙonewa, wato fetur ko gazuwal. Na biyu shi ne baƙin mai, wanda ke zagayawa cikin inji. In fetur ya ƙare, mota ta tsaya, a zuba wani a ci gaba da tafiya. In kuwa baƙin mai ya ƙare ko ya lalace, inji ne ke bugawa. Gyaransa yakan sa mutum ya sayar da sa ko ya jinginar da gona.

Je ka tashar Agye, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Runji, ka dubi teburin mai sayar da baƙin mai. Za ka ga galan iri-iri. A jikinsu akwai lambobi da haruffa kamar haka: SAE 40, 20W-50, 15W-40, API SL, API CF. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne. Alhali kuwa kowace lamba da kowane harafi yana da shekarar da aka sa shi, da kuma dalilin sa shi. Wanda ya san wannan tarihi ya san yadda ake zaɓen mai. Shi za mu bi yanzu daki-daki.

Aikin baƙin mai cikin inji

Cikin inji akwai wasu ƙarafa da ake ce wa fistan. Suna hawa suna sauka kamar taɓarya cikin turmi. In mota tana gudu bisa gudro, kowane fistan yakan hau ya sauka wajen sau 3,000 a minti guda, wato sau 50 a daƙiƙa guda. Ƙarfe na gugar ƙarfe, ga kuma wuta na ci a kansu. Ba don baƙin mai ba, cikin ƴan mintoci za su yi zafi su like da juna.

Baƙin mai yana ayyuka huɗu manya:

1. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya sa santsi, don kada su ci juna.
2. Yana kwashe zafi daga wuraren da ruwa ba ya kaiwa.
3. Yana wanke dattin hayaƙi da garin ƙarfe, ya kai su ga matacin mai, wato filta.
4. Yana toshe ƴar kafar da ke tsakanin fistan da bangon raminsa, don kada ƙarfin inji ya zurare. Yana kuma hana tsatsa.

Sabon mai launin zuma gare shi. Dattin da yake kwashewa ne ke mai da shi baƙi, daga nan ya samo sunansa. Saboda haka in mai ya yi baƙi cikin inji, aikinsa yake yi.

Kafin a haƙa rijiyar mai

Tun zamanin kakanni, mutane sun san abin da ke guga yana son maiƙo. Kitse da man shanu ake shafa wa fata don ta yi laushi. Haka su ma Turawa suka fara. Da suka ƙera injuna masu aiki da tururi, sai suka riƙa zuba musu kitsen shanu, da kitsen wata ƙatuwar dabbar teku, da man tsirrai. Amma kitse ba ya jimre zafi mai yawa. Yakan ruɓe, ya yi tsami, ya ci ƙarfe.

A shekarar 1859 wani mutum mai suna Edwin Drake ya haƙa rijiyar man ƙasa a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Kananzir na fitila ake nema a lokacin. In an tace an cire kananzir, sai a bar wani mai kauri a ƙasan tukunya. Wani likita mai suna John Ellis ya gano cewa in an tace wannan saura da kyau, ya fi kitse jimre zafin inji. A 1866 ya kafa kamfaninsa, wanda man da yake yi ya shahara da sunan Valvoline.

Shekara 20 bayan haka, a 1886, Karl Benz ya ƙera motarsa a Jamus. Injin mota ya fi na tururi saurin juyawa, yana son mai na musamman. A 1899 Charles Wakefield ya buɗe kamfanin mai a Landan. Ya riƙa haɗa man ƙasa da man zurma, ita dai zurmar nan da ke fitowa bayan gida. A 1909 ya raɗa wa man suna Castrol, daga sunan zurma da Ingilishi. Man zurma yana riƙe santsi cikin zafi ƙwarai, amma in ya daɗe cikin inji yakan zama danƙo. Shi ya sa daga baya aka bar shi, man ƙasa ya ci kasuwa.

1911: aka fara awon kauri

Ka san yadda rigima ke tashi in tiyar mai saye ta fi ta mai sayarwa girma. Haka aka yi fama a kasuwar mai ta farko. Kowane kamfani yana kiran mansa mai nauyi, ko matsakaici, ko marar nauyi. Amma matsakaicin wannan shi ne mai nauyin wancan. Mai mota bai san abin da ya saya ba sai inji ya faɗa masa.

Injiniyoyin mota na Amurka suna da wata ƙungiya da suka kafa a 1905, ana kiranta SAE. A 1911 ta fito da tsarin awon man inji na farko. An yi ta gyara shi shekara da shekaru, har aka samu lambobin da muka sani: 20, 30, 40, 50. Yadda ake awon kuwa ba wuya. Ana ɗumama mai har ya kai zafin tafasasshen ruwa, wato digiri 100. Sai a sa shi ya bi ta wani siririn bututu, a duba lokacin da ya ɗauka. Wanda ya wuce da sauri a ba shi ƙaramar lamba. Wanda ya yi nawa a ba shi babba. SAE 30 kamar koko ne, SAE 50 kamar kunu mai kauri.

Riƙe wannan da kyau: lambar SAE kauri kaɗai take faɗi. Ba ta ce komai a kan kyau ko rashin kyau ba. Akwai SAE 50 na banza, akwai SAE 30 na ƙwarai.

Motocin gujiya

A wannan shekara ta 1911 ne hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Tun daga 1912 cinikin gujiya ya buɗe. Sannu a hankali noman gujiya ya yaɗu har ƙasar Katsina da Gobir da Tasawa. Jakai da raƙuma da takarkarai ne ke ɗaukar kaya, ba mai maganar baƙin mai.

A ƙarshen 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën na Faransa suka ƙetare hamada daga Aljeriya. Ƙafafunsu na baya irin na tankar yaƙi ne, don kada rairayi ya riƙe su. Suka zo Yamai, suka bi ta Maraɗi da Tasawa, suka wuce Damagaram. Tun kafin su taso sai da aka aika aka ajiye musu fetur da mai a zango-zango, domin babu inda za su saya a hanya.

Bayan haka kamfanonin Turawa masu sayen gujiya suka fara kawo manyan motoci. A 1953 Faransawa suka tsara a riƙa fitar da gujiyar Nijar ta ƙasar Dahome, wadda ake kira Benin yanzu. Mota za ta yi lodi a Maraɗi, ta bi ta Gidan Runji da Ƙonni da Doso da Gaya, har Faraku inda jirgin ƙasa yake. Tafiyar ta kusa kilomita 1,000, ga rairayi, ga gargada, ga ƙura. Bayan samun mulkin kai, aka kafa SONARA a 1962 don cinikin gujiya, aka kafa SNTN a 1963 don sufuri. Alhazan Maraɗi su ma suka sayi nasu motoci.

A kan wannan hanya direbobinmu da makanikanmu na farko suka koyi sana'a. Injunan lokacin manya ne, suna juyawa a hankali, kafar da ke tsakanin ƙarafansu tana da faɗi. Mai lamba ɗaya ake zuba musu, kamar SAE 40 ko SAE 50. In inji ya tsufa ya fara hayaƙi, a ƙara masa mai kauri, hayaƙin ya ragu. Daga nan aka gaji maganar nan da kake ji har yau a tasha, wai mai kauri shi ne mai kyau. A zamaninta tana da hujja. Amma injuna sun sake, mai ma ya sake.

Mai lamba biyu

Dubi man shanu. Da ɗari yakan daskare, da bazara ya narke ya zama ruwa. Baƙin mai ma haka halinsa yake: sanyi na ƙara masa kauri, zafi na tsinka shi. A ƙasashen ƙanƙara wannan ya zama babbar wahala. Mai kauri ba ya barin inji ya tashi da safe. Marar kauri kuma in inji ya yi zafi sai ya tsinke ya kasa tsare ƙarfe. Dole mai mota ya yi juye sau biyu a shekara, man sanyi dabam, man zafi dabam.

Jim kaɗan bayan 1950 masana suka samo dabara. Suka ɗauki mai marar kauri, suka zuba masa wani sinadari da ke hana shi saurin tsinkewa in ya ji zafi. Sai ga mai guda yana aikin biyu. Shi ne ake rubuta wa lamba biyu, kamar 15W-40.

Ga yadda za ka karanta shi. Harafin W farkon kalmar lokacin sanyi ne da Ingilishi. Lambar da ke gaban W tana faɗin yadda man ke gudu in inji ya kwana ya huce. In ta yi ƙasa, man ya fi saurin gudu da safe. Lambar ƙarshe kuma tana faɗin kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Saboda haka 15W-40 da SAE 40 kaurinsu ɗaya ne cikin inji mai zafi. Bambancinsu da safe ne.

Za ka ce: mu da ba mu da ƙanƙara, ina ruwanmu da W? Da ruwanmu. In mota ta kwana, mai duka yana sauka ƙasan inji. Da an murza makulli, ƙarafan sama suna juyawa kafin mai ya iso gare su. A wannan ɗan lokaci ƙarfe ke cin ƙarfe ƙwarai. Man da ya fi saurin hawa ya fi tsare inji, balle da asubahin watan Disamba da Janairu, lokacin da ɗari ke kaɗawa.

Akwai wata lamba da ke ruɗin mutane. Za ka ga galan an rubuta SAE 90, ko 80W-90, ko SAE 140. Wannan man giya ne, ma'auninsa dabam. SAE 90 na giya bai wuce kaurin SAE 40 ko 50 na inji ba. Magungunan da ke cikinsa ma dabam ne. Kada a zuba shi cikin inji.

Haruffan inganci

An gama da kauri, saura kyau. Tun wajen 1930 injuna suka ƙara ƙarfi da zafi. Tsurar man ƙasa ya kasa. Yana ƙonewa, yana barin dauɗa mai kama da kwalta, zobban fistan suna likewa. Sai kamfanoni suka fara zuba wa mai magunguna: na wanke datti, na hana tsami, na hana cin ƙarfe, na hana kumfa. To, amma ido ba ya ganin magani cikin mai. Yaya mai saye zai san akwai shi?

Wata ƙungiyar masu aikin man fetur ta Amurka, mai suna API, wadda aka kafa a 1919, ita ta ɗauki wannan aiki. A 1947 ta kasa mai kashi uku. A 1952 ta sake tsari. A 1970 ta haɗa kai da SAE da wata ƙungiyar masu gwaje-gwaje, suka fito da tsarin da ake bi har yanzu. Kafin a ba mai harafi, sai an zuba shi cikin injunan gwaji, a bar su suna aiki awa da awoyi, sannan a kwance su a duba ƙarafan.

Haruffa biyu ne. Na farko yana faɗin irin inji: S na injin fetur, C na injin gazuwal. Na biyu yana faɗin zamani, yana bin jerin abacada. Duk sa'ad da masu ƙera motoci suka fito da injin da tsohon mai ya kasa, sai a tsananta gwaji, a matsa gaba da harafi guda. Ga jerin na fetur:

SA: tsurar mai, ba magani. Na injunan kafin 1930.
SB: magani kaɗan. Bai dace da injin da aka ƙera bayan 1951 ba.
SC: 1964
SD: 1968
SE: 1972
SF: 1980
SG: 1989
SH: 1993
SJ: 1996
SL: 2001
SM: 2004
SN: 2010
SP: 2020
SQ: 2025

Ka lura an tsallake I da K da O. Ƙungiyar API ta riga ta soke haruffan da ke daga SA zuwa SH, ta ce zamaninsu ya wuce. A wajen injin fetur, sabon harafi yana iya aikin tsoho, amma tsoho ba ya iya aikin sabo. Kana iya zuba SN a motar da ke son SG. Ba ka iya zuba SF a motar da ke son SL ka kwana lafiya.

Na gazuwal kuma ga waɗanda aka fi gani: CF na 1994, CH-4 na 1998, CI-4 na 2002, CJ-4 na 2006, CK-4 na 2016. Injin gazuwal ya fi yin baƙin hayaƙi. Kuma gazuwal yakan ƙunshi farar wuta, wadda in ta ƙone take zama tsami mai cin ƙarfe. Shi ya sa mansa ke ɗauke da maganin wanki da na kashe tsami fiye da na fetur. An yi CH-4 da CI-4 don su jimre gazuwal mai farar wuta da yawa. CJ-4 da CK-4 kuwa don gazuwal mai tsabta aka yi su. In ka ga an rubuta haruffa iri biyu, kamar CI-4/SL, man yana yi wa injin gazuwal da na fetur, amma wanda aka fara rubutawa shi ne ainihin aikinsa.

Zamanin Fijo da man kwalba

A 1972 Agye da Gidan Runji suka samu gundumominsu. Ma'aikata suka ƙaru, motoci suka ƙaru. Sai ga farin 1973 da 1974, sai kuma cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975. Cinikin gujiya ya karye. Ƴan kasuwa suka juya ga fatauci tsakaninmu da Najeriya, wadda kuɗin man fetur ya cika wa aljihu a lokacin. A 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'anta a Kaduna. Fijo 404 da 504 suka cika hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, suka zama motocin kasuwannin ƙauye. Man zamaninsu shi ne SE da SF, kauri kuwa SAE 40 ko 20W-50.

A 1977 gwamnatin Nijar ta kafa SONIDEP don shigo da man fetur. A 1980 aka buɗe matatar Kaduna, a 1983 aka ƙara mata sashen yin man inji. Abin mamaki, ɗanyen man da wannan sashe ya riƙa tacewa daga waje aka riƙa kawo shi, daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, domin ba kowane ɗanyen mai ke ba da man inji mai kyau ba.

Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. Duk abin da ke zuwa daga Turai ya yi tsada, har da baƙin mai na galan. Mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara dogara ga man awo, wanda ake ɗurawa cikin kwalba a bakin hanya. Kwalba ba ta da lamba, ba ta da harafi. Cikin masu sayarwa akwai mutanen kirki. Amma akwai marasa tsoron Allah da ke tace tsohon mai, ko su sayar da tsurar mai marar magani, wato irin na kafin 1930. Mai saye sai ya ɗiga a yatsa ya murza, in ya ji kauri ya ce ya yi. Yatsa kuwa ba ya jin magani. Kuma kaurin da ka ji a inuwar rumfa ba shi ne kaurinsa a digiri 100 ba. Kama da wane ba ta wane.

Motocin Kwatano da baburan haya

Daga 1990 zuwa gaba, tsofaffin motocin Turai suka riƙa sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ana turo su ta Gaya zuwa Maraɗi. Toyota ta maye gurbin Fijo. Injunan waɗannan motoci ƙanana ne, suna juyawa da sauri, hanyoyin mai a cikinsu sirara ne. Da yawansu 10W-40 ko 5W-30 suke so. Na baya-bayan nan ma har da masu son 0W-20. In ka ɗura wa irin wannan inji SAE 50, kamar ka ba jinjiri tuwo ne. Man zai yi nawa wajen hawa, inji ya sha wahala, ya ƙara shan fetur.

Turawan Turai su ma suna da nasu ma'auni tun 1996, sunansa ACEA. A nan A da B na ƙananan motoci ne, A fetur, B gazuwal, kamar A3/B4. C na sababbin motoci ne masu matacin hayaƙi. E na manyan motocin kaya ne. Kada ka haɗa C na ACEA da C na API, ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma man da ake kira sintetik. Shi ba tacewa kawai ake yi ba, haɗa shi ake yi a masana'anta. Jamusawa sun yi aiki da irinsa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1974 Mobil 1 ya shiga kasuwar motoci a Amurka. Sintetik ya fi jimre zafi, ya fi daɗewa, ya fi tsada. Wanda aka tace daga man ƙasa kuwa shi ake kira mineral.

Bayan shekarar 2000 baburan Sin da Indiya suka cika ƙauyuka, samari suka shiga kabu-kabu. A yawancin baburan nan, mai guda ne ke wanke inji da giya da kuloci. Wasu mayukan mota suna da maganin ƙarin santsi, wanda ke sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Saboda haka a 1998 Japanawa suka fito da ma'aunin man babur. Nemi inda aka rubuta 4T da JASO MA. Wanda aka rubuta wa 2T kuwa na injin da ake gauraya wa mai da fetur ne, ƙonewa yake yi. Ba a musanya su.

A 2011, shekarar da Gazawa ta zama gunduma, aka buɗe matatar SORAZ a jihar Damagaram. Fetur da gazuwal da gas aka gina ta ta yi. Baƙin mai kam daga nesa yake zuwa mana, ya bi hannuwa da yawa kafin ya iso teburin tasha. Wannan ya isa dalilin buɗe ido.

Yadda za ka kwatanta galan da galan

A ce ga galan huɗu a gabanka.

Na farko: SAE 50, babu harafin API ko kaɗan, ko an rubuta SA ko SB. Bar shi, kome araharsa. Araha ba ta ado.

Na biyu: 20W-50, API SL. Ya dace da tsohuwar motar fetur irin su 504.

Na uku: 15W-40, API CI-4. Na injin gazuwal ne: babbar mota, da bas, da injin niƙa mai shan gazuwal.

Na huɗu: 5W-30, API SN. Na ƙaramar motar fetur ta zamani ne, wadda aka ƙera don mai marar kauri.

Cikin ukun ƙarshe babu wanda ya fi wani a ko'ina. Kowane da injinsa. Wanda ya ƙera inji shi ya san abin da ya dace da shi. Ya rubuta cikin littafin mota, wani lokaci ma a bisa murfin da ake zuba mai. Fara duba can. Sa'an nan ka duba lambar kauri, ka duba harafi, ka duba ko murfin galan a like yake. Rubutu ma ana iya yin na jabu, don haka sayi inda ka sani, inda za ka iya komawa in an cuce ka.

Mai kome kyansa yana gajiya. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Masu ƙera motoci da kansu sun ce a irin wannan wuri a riƙa yin juye da wuri. Makanikai da yawa suna sa iyaka a kilomita 5,000 ga man mineral. Yi lissafi: daga Gidan Runji zuwa Gazawa wajen kilomita 150 ne. Motar da ke zuwa ta dawo kullum tana cin 300. Cikin kwana 17 ta wuce 5,000. In an yi juye a sake filta, a kuma kakkaɓe matacin iska, domin ta nan ƙura ke shiga. Babur kuwa mansa bai fi lita guda ba, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, saboda haka juyensa ya fi na mota kusa ƙwarai.

Tsohon man da aka juye dafi ne. Kada a shafa shi ga gyambo, ko ga ƙazuwar dabba. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin lambu. Galan ɗin da ya ɗauki baƙin mai kuma kada a zuba masa ruwan sha ko man miya.

To, mai karatu, ka ga tafiyar da aka yi daga kitsen shanu zuwa SQ, fiye da shekara 150. Injuna da yawa sun mutu kafin a rubuta waɗannan ƴan haruffa. Kai an kawo maka su har tasha, karantawa kawai ta rage. Samu ɗan littafi ka ajiye cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur. Duk ran da aka yi juye, rubuta kwanan wata, da lambar kilomita, da kaurin man, da harafinsa. In kuma direban garinku bai iya karatu ba, raka shi wurin mai sayarwa ka karanta masa galan kafin ya biya. Motar da za ta kai hatsinka kasuwa ce ka tsare.